Yadda Za Ka Zaɓi Shimfiɗa Mai Araha Ga Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Wanda ya so ganin tsirrai masu rai a akwatin kifinsa na gilashi, ba na roba ba, abu na farko da ke tsayar da shi shi ne abin da zai shimfiɗa a ƙasan akwatin. Ya leƙa intanet ya ga akwatunan Japan da Turai kore shar, ya tambayi kuɗin ƙasar da suke zubawa, sai jikinsa ya yi sanyi. Buhun lita 9 na Aqua Soil Amazonia, wanda kamfanin ADA na marigayi Takashi Amano ke yi a Japan, shigo da shi ake yi daga waje. Kuɗinsa na bin dala, ga kuɗin dako a kai, domin kaya ne mai nauyi.

Ƙasar tana da kyau, babu musu. Sai dai yawancin tsirran da mai farawa zai shuka ba su dogara da ita ba. Abin da saiwa ke nema abu uku ne: wurin kamawa, hanyar da ruwa zai ratsa ya kai mata iska, da abinci. Yashin rafi da aka tankaɗe da kyau yana ba da biyun farko, na ukun kuma ana iya kai mata shi da kuɗi kaɗan. Kuɗin da ka rage a nan ka kai shi kan fitila mai kyau da tsirrai masu yawa, can ne zai fi yi maka amfani.

Mataki na farko: duba tsirranka, kifinka da ruwanka

Kafin ka sayi ko ƙwayar yashi, rubuta abin da za ka shuka. Akwai tsirran da ba ruwansu da shimfiɗa sam. Anubias, wadda asalinta dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne har da Najeriya da Kamaru, a jikin dutse ko itace ake ɗaure ta da zare. Idan ka binne kaurin jikinta da ganye ke fitowa daga gare shi, ruɓewa zai yi. Haka ma Microsorum da Bolbitis. Kainuwa kuwa a saman ruwa take yawo, daga ruwan take ci. In irin waɗannan ne burinka, yashi zalla ya ishe ka, sauran bayanin ƙasa ba naka ba ne.

Masu ci ta saiwa su ne ke da zancen: Cryptocoryne, Echinodorus, Vallisneria, da bado. Badon nan mai jan ganye da ake sayarwa a shagunan kifin ado na duniya, ɗan gidanmu ne, daga Afirka ta Yamma aka ɗauke shi. Waɗannan in ka dasa su a yashi marar komai, za su rayu 'yan watanni, daga nan ganye ya fara rawaya, sabon toho ya riƙa fitowa ƙanana.

Sai kifi. Ƙananan Corydoras masu kiwo a ƙasa da gashin baki suna son yashi mai santsi, tsakuwa mai kaifi na cinye musu gashin. Karfasa, tarwaɗa da jan kifin nan na ado mai ƙaton ciki kuwa 'yan tono ne. Duk wanda ya sa ƙasar lambu a ƙarƙashin yashi ya kawo su, kwana kaɗan zai ga ruwansa ya koma taɓo. Da su, yashi ko tsakuwa kawai, tsirran kuma a dasa su cikin ƙananan kasake a danne da duwatsu.

Ruwan da kake da shi ma yana da ta cewa. Ƙasar kanti irin Amazonia, Tropica ko Fluval Stratum tana sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (saukarsa na nufin tsamin ya ƙaru), tana tsotse gishirin da ke sa ruwa nauyi. In ruwan burtsatsenka irin wanda ke barin farin dabbare a cikin buta ne, duk canjin ruwa da ka yi cinye wannan ƙarfin nata yake yi, cikin watanni sai ta daina. Ka ga an biya kuɗin abin da ba zai daɗe ba ke nan. Da irin wannan ruwa gara ka bi shi yadda yake, ka kiwata ƙananan kifayen ado irin gofi da moli, ka shuka Vallisneria, dukkansu suna son sa.

Mataki na biyu: zaɓi hanya ɗaya

Hanya ta farko, yashi ko ƙananan tsakuwa zalla, a riƙa cusa wa saiwa abinci a dunƙule. Ita ce mafi sauƙi, mafi yafiya in an yi kuskure, kuma ita nake ba mai farawa shawara ya bi.

Ta biyu, ƙasa 'yar kaɗan a ƙarƙashi, a rufe ta da yashi. Ba'amurkiya Diana Walstad ce ta yaɗa wannan tsari da littafinta na 1999, inda ta nuna ƙasa ta inci ɗaya da murfin inci ɗaya kan ciyar da tsirrai shekaru. Kusan kyauta ce, tsirrai na haukar girma a kanta, amma tana son haƙuri da hannu mai sanyi.

Ta uku ga wanda ransa ya kafe a kan ƙasar kanti: ya sayi ƙaramin buhu na lita 3, ya zuba a baya da gefe inda zai yi dashe, ya tare da duwatsu, gaba kuma ya sa yashi. Ya sani tana sakin amoniya, wani sinadari mai dafi ga kifi, a makonnin farko, kuma bayan shekara ɗaya zuwa biyu abincinta na ƙarewa, ƙwayoyinta su fara narkewa.

Abin da ba na so ka saya shi ne tsakuwar nan mai fenti, shuɗi da ja da kore. Ƙwayoyinta manya ne, saiwa ba ta kama su, ragowar abinci na zurarewa tsakaninsu ya ruɓe, fentin kuma na ɓarewa.

Mataki na uku: samo yashi, tankaɗe shi, gwada shi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ya kamata ka ɓata lokaci. Girman ƙwayar da ake so milimita 1 zuwa 3 ne. In ta fi haka laushi, kamar rairayin filasta, sai ta danne ta toshe, ruwa ya kasa ratsawa, ƙasan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta fi haka girma, dashe ba ya zama.

Wuri mafi sauƙi shi ne wajen masu sayar da kayan tace ruwa, waɗanda ke kai wa masu gidajen ruwan leda kaya. Suna da yashin tacewa a buhu, an riga an ware girmansa, ba ya canja ruwa, wankinsa kuma ba wahala. In babu su kusa, je wurin masu yashin tifa ka nemi yashin rafi mai garas-garas da ake buga bulo da shi. Kwanon sarki biyu ya ishi matsakaicin akwati, ko da rabi ya tafi wajen tankaɗe.

Tambayi mai tifa daga ina aka ɗebo. Yashin da ya fito daga ƙasan unguwannin masana'antu, inda ruwan majema da rini ke gangarawa, ka bar musu kayansu. Haka ƙasa ko yashi daga wurin da ake haƙo ma'adinai ko niƙa su. Gubar dalma da ta hallaka yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga ƙurar irin wannan dutse ta fito. Yashin bakin teku yana da gishiri da ɓaraguzan bawon katantanwa. Wanda aka kwaɓa siminti a kusa da shi ma bai yi ba, siminti na harba pH sama har ya ƙona kifi. In da kanka za ka ɗebo, ɗebi busasshe a gaɓa, kada ka shiga ruwa mai kwanciya da ƙafa tsirara, domin dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a irin wurin yake zama.

Tankaɗe sau biyu ake yi, kuma da busasshen yashi. Fara da gwagwar tsane taliya: abin da ya tsaya a sama ya yi girma, ajiye shi gefe don ado. Abin da ya zuba ka sake tankaɗe shi a ragar sauro ta taga. Wannan karon wanda ya tsaya a sama shi ne naka, garin da ya zuba a zubar. Ɗebi wanda ya rage ka murza a tafin hannu. In yana mirginawa, madalla. In yana kartar fata, kamar garin dutsen kwari da ake fasawa da inji, bai dace da kifin da ke kiwo a ƙasa ba.

Sai gwaji. Zuba cokali guda na busasshen yashin a faranti, ɗiga masa binega, ka kawo ido da kunne kusa. In ya yi kumfa yana 'yar ƙara, akwai farar ƙasa ko bawo a ciki, zai riƙa narkewa a hankali yana ɗaga pH da nauyin ruwa. Wannan gwaji ya fi zama dole ga mutanen yankunan da ke da dutsen farar ƙasa, irin kewayen Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe, inda saboda shi aka kafa masana'antun siminti. Kumfa kaɗan ba ta hana kiwon gofi da moli, amma ga kifin tetra da sauran masu son ruwa mai laushi, nemi wani yashin. In kana da abin gwada pH, ƙara da wannan: cika kwalba rabi da yashin, ƙarasa da ruwan da za ka riƙa amfani da shi, cika wata da ruwan kaɗai, bar su mako guda ka gwada duka biyun. Bambancin da ka gani, shi akwatinka zai gani.

Wanki kuwa kaɗan-kaɗan ake yi. Kashi ɗaya cikin uku na bokiti, a zuba ruwa, a dama da hannu, a tsiyaye, a maimaita har sai ka dama ka ga ruwan ya washe kafin ka ƙirga goma. Ba sabulu, ba Omo. Daga nan shanya shi a rana kwana biyu ko uku a kan leda, ko ka kwara masa tafasasshen ruwa, don kashe ƙwan dodon koɗi da sauran baƙin da ba ka gayyata ba.

Mataki na huɗu: lissafin yawa

Tsawon akwati sau faɗinsa sau kaurin shimfiɗa, duk a santimita, a raba da 1,000, ya ba ka lita. Akwati mai tsawon 60 da faɗin 30, shimfiɗa mai kaurin 5, lita 9 ke nan. Litar yashi kan kai kilo ɗaya da rabi, saboda haka kana neman kusan kilo 14. A gaba ka bar santimita 3 zuwa 4, a baya 6 zuwa 7. Gangaren na sa akwatin ya yi zurfi a ido, datti kuma ya gangaro gaba inda za ka iya zuƙe shi. Wuce santimita 8 da yashi zalla neman wari ne.

Mataki na biyar: abincin saiwa

Ga mai bin hanya ta farko, akwai dunƙulen taki na kanti da ake cusawa a yashi, amma kana iya yin naka. Samo yumɓu wurin magina tukwane, murza ƙananan dunƙule daidai girman gurjiya, cusa ƙwaya uku ko huɗu na takin fure mai narkewa a hankali, irin Osmocote, a tsakiyar kowanne, ka shanya su bushe. Kada ka gasa su. Tura ɗaya har ƙasan gilashi kusa da kowace babbar shuka, tazarar santimita 10 zuwa 15, ka sabunta bayan wata uku ko huɗu. Yumɓu na riƙe sinadaran abinci a jikinsa ya riƙa sakar wa saiwa a hankali, abin da yashi ba ya iyawa.

Ina roƙonka, kada ka kusanto da takin gona na NPK ko yuriya. Nan take suke narkewa, yuriya ta rikiɗe amoniya, kifi su mutu, ruwa ya koma kore. Kashin kaji da na tumaki ma haka.

Akwai wata garaɓasa da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Jar marmara da ake zubawa a hanya cike take da sinadarin ƙarfe, wanda tsirrai ke bukata don ganye ya yi kore sosai. Tun shekarun 1980 kamfanin Dupla na Jamus ke sayar da irinta a ƙananan fakiti ga masu akwatin tsirrai a Turai. Ɗebo mai tsabta nesa da kwalta da garejin makanikai, daka ta, ka cuɗa kamar kofin shayi ɗaya da yashin da zai zauna can ƙasa a akwatin santimita 60, sannan ka rufe da yashi zalla. In ta leƙo sama za ta rina ruwa ja, saboda haka a rufe ta da kyau.

Ga mai bin hanya ta biyu, ƙasar da ake so ita ce ta sama, mai duhu kaɗan, daga wurin da ka tabbata ba a yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ba, ba a kuma zuba taki kwanan nan ba. Ƙasar masu sayar da fure galibi an cuɗa ta da kashin dabbobi, in ka shinshina za ka ji. Tankaɗe ta, cire tsinke da saiwa da duwatsu. Jiƙa ta a bokiti kwana biyu, kwashe duk abin da ya taso sama, tsiyaye ruwan, baza ta a leda ta bushe ƙayau a rana. Maimaita jiƙo da shanya sau uku ko huɗu, har ta daina wari ta koma gari mai laushi. Wannan yana ƙone yawancin ruɓaɓɓen abin da zai saki amoniya da iska daga baya. Turawa kan sha wahala wajen busarwa, mu kuwa da ranar bazara ko iskar hunturu, kwana ɗaya ta isa kowane zagaye.

Kada ka yi ha'inci a wannan mataki, kuma kada ka wuce santimita 2 na ƙasa. Dalilin yanayinmu ne. A watan Afrilu ruwan akwati a ɗaki kan haura digiri 30, ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, amoniya kuma ta fi dafi in zafi da pH sun hau. Ƙara da ɗauke wuta na sa'o'i, na'urar tace ruwan akwatin ta tsaya cik. Ƙasa mai yawan ruɓaɓɓen abu a irin wannan dare gasar shaƙar iska take yi da kifinka, kuma ita ke cin nasara.

Mataki na shida: shimfiɗawa da zuba ruwa

Akwati a bushe, a inda zai zauna din-din-din, domin da zarar ya cika ba a ɗaga shi. In da ƙasa za ka yi, fara da zagaye jikin gilashi da yashi faɗin yatsa biyu, don kada ƙasar ta fito a ido ko ta sami hanyar tsiyaya. Zuba ƙasar a tsakiya da ɗan danshi, danna ta da tafin hannu iska ta fita. Manyan duwatsu su zauna kan gilashi ko kan 'yar leda mai kauri kafin a rufe, ba a saman shimfiɗa ba, don kada su nutse su matso ƙasa waje. Rufe da yashi santimita 3 zuwa 4.

Yayyafa ruwa har yashin ya jiƙe, ka yi dashe tun akwatin bai cika ba. Rage dogayen saiwoyi da almakashi su koma kamar santimita 3, tura shukar ciki, sannan ka ɗan jawo ta sama har wuyanta ya daidaita da fuskar yashi. Vallisneria da Echinodorus ba sa son a binne musu wuya. Ƙwallon bado kuwa rabinsa kawai ake nutsawa.

Ka shuka da yawa tun ranar farko, har da masu saurin girma da 'yar kainuwa a sama. Su ne za su shanye abincin da ya tsere cikin ruwa kafin gansakuka ta rigaye su. Ɗora faranti ko leda a kan yashi, ka zuba ruwa a kai sannu-sannu. In ruwan famfo ne, sa maganin cire kulorin, ko ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti.

Makonnin farko

Ruwa zai ɗan yi hazo kwana ɗaya zuwa uku, ba komai ba ne. Fitila sa'a 6 a rana ta isa a wata na farko. Akwatin yashi zalla, canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan mako-mako. Mai ƙasar lambu ko ta kanti, canja rabi sau biyu a mako na tsawon makonni uku, daga nan ka koma mako-mako. Cryptocoryne kan zubar da ganyenta duka bayan dashe, kada ka tumɓuke ta, saiwar na nan da rai, za ta sake toho.

Kifi sai bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya suka zauna a na'urar tace ruwa da cikin yashi. In kana da abin gwaji, jira amoniya da naitirait, wato gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, su nuna sifili. In ba ka da shi, cika makonni shidan, ka tabbata tsirrai na fitar da sabon ganye, sannan ka fara da kifi uku ko huɗu, ka ƙara bayan mako biyu.

A akwati mai ƙasa, riƙa soka tsinken tsire nan da can sau ɗaya a mako a watanni biyun farko. Kumfa marar wari ba matsala. In ta fito da warin ƙwai, wurin ya toshe: soke shi sosai, canja ruwa, ka dasa mai dogon saiwa a nan, domin saiwa na tura iska cikin ƙasa. Wajen share datti, tiyo ya bi saman yashi kawai, kada ya nutsa. Ranar da kuma za ka cire wata shuka, kada ka fizge ta, saiwar Echinodorus kan mamaye rabin akwati, za ta taho da ƙasa duka. Ɗaga ta kaɗan, sa almakashi ka yanke saiwoyin a ƙarƙashin yashi, ka cike ramin da sabon yashi, ka canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan a ranar.